Madanni Mai Kalma Biyu

"Saura ɗaya," in ji Ƙamus, ta juya allon kwamfutarta yadda Dogo zai hango daga teburinsa. "Ja guda ɗaya tak ya rage a duk aikin nan, kuma naka ne."

Dogo bai ɗago ba. Ya ci gaba da juya cokali a kofin shayinsa, kamar ba da shi ake ba.

"Ƙarfe huɗu zan binne shi," ta ce. "In kana da wasiyya, ka faɗa tun yanzu."

"Allah ya jiƙan shi, ya yi wa mutane hidima," in ji Dogo. "Ke dai Allah ya ba mijin da zai aure ki haƙuri. Ranar da ya ce miki tsintsiya da safe, ya ce abin shara da yamma, sai kotu ta raba ku."

A ofis ɗin nan ta samo sunan Ƙamus, kuma ba ta taɓa jin haushinsa ba, don ta san ta ci shi. Shekara biyar ke nan tana aiki a kamfanin da ke fassara wata manhajar banki ta waya zuwa harsuna shida, ita ce mai riƙe da kundin kalmomin Hausa. Dokar kundin guda ɗaya ce: abu ɗaya, kalma ɗaya. In an ce ajiya a shafin farko, ba za a koma ana cewa tanadi a shafi na tara ba, don mai riƙe da waya zai zaci abu biyu ake nufi, mutum kuwa ba ya son a yi masa kwana-kwana a kan kuɗinsa. Akwai na'urar da ke bin aikin layi-layi tana shafa ja a duk inda aka kauce wa kundi. Bara war haka ja ya fi ɗari shida. Ƙamus ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta ɓata da wasu ta shirya, har aka zo yau.

Wanda ya rage ɗin yana shafin ƙarshe, inda mutum ya gama zaɓen wanda zai tura wa kuɗi, saura ya danna. Madannai biyu ne a wurin, girmansu ɗaya, launinsu ɗaya. Injiniyoyi da gangan suka sa su riƙa musayar wuri, yanzu wannan na dama, an jima yana hagu, wai don kada a riƙa dannawa da ka, dole mutum ya duba. Ɗaya an rubuta masa "Dakatar". Ɗayan kuwa, bisa kundi, "Tabbatar" ya kamata a rubuta, kamar yadda yake a wurare ɗari uku da goma sha bakwai a cikin manhajar. Amma tun kafin Ƙamus ta zo kamfanin Dogo ya rubuta "Na yarda", kuma ya zauna daram.

Wata goma sha ɗaya ta yi tana bin Manaja a kan wannan. Ta rubuta takarda mai shafi huɗu. Shekaranjiya ya gaji ya sa hannu. Yau da ƙarfe huɗu za a kulle kundin a tura, ba a sake taɓa shi sai baɗi, kuma a karon farko fassarar Hausa za ta fita babu ɗigon ja, alhali sauran harsuna biyar kowa da nasa. Ƙamus tun safe bakinta har kunne.

Da aka tashi hutun rana ta sa manhajar gwaji a wayarta, wadda ke ɗauke da sabuwar kalmar, ta shiga bas zuwa shagon babanta. Wai rigarta za ta karɓo. Gaskiyar magana kuwa so take ta nuna masa.

Shagon ɗan ƙarami ne, an matse shi tsakanin mai gyaran takalma da kantin fenti. Shekara arba'in Baba yana ɗinki a ciki. A kan teburin yankan nan ya koya mata karatu da allin tela, ya rubuta baƙi ta karanta, ya goge da gefen hannu ya rubuta wani. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, saboda haka bai taɓa kiranta da komai ba sai Uwata. Shekara biyu da suka wuce ta saka masa manhajar a waya, tun daga nan ya daina rufe shago ya je layin banki, ya kuma daina roƙon kowa ya yi masa. Yana ji da wannan fiye da yadda yake ji da sabon keken ɗinkinsa.

Ta same shi yana taka keke, tef ɗin awo a rataye a wuya.

"Sannu da aiki, Baba."

"A'a, Uwata! Ofis ɗin ne ya kama da wuta?"

"Hutun rana ne. Rigata na zo karɓa."

"Rigarki tana nan lafiya lau. Wuyan ne ya rage, ɗan aikin hannu."

"Baba, sati uku ke nan wuyan nan yana ragewa."

"To ai aikin 'yan gida sai a hankali. Su ba sa biya, sai godiya, ita ma sai an tuna musu."

Ta yi dariya, ta ture tarin yadi ta zauna a kan benci. Ba ta iya daurewa ba ko minti biyar. Ta fito da wayar, ta buɗe har shafin ƙarshe, ta miƙa masa.

"Ga sabon aikinmu, jibi zai iso wayarka. Na gwaji ne, ko ka danna babu abin da zai fita. Gwada mu gani."

Ya goge hannu a cinya ya karɓa da murmushi. Ya miƙar da hannu nesa. Ya dawo da wayar kusa da hanci. Ya karkata ta wajen ƙofa inda haske yake. Babban yatsansa ya tsaya a sama, ya nufi dama, ya dawo hagu, ya sake tsayawa. Murmushin yana nan a fuskarsa, amma ya bushe.

"Ina mai biyun?" ya faɗa can ƙasa-ƙasa.

"Na'am, Baba?"

"Cewa na yi hannuna duk man keke ne, kada in ɓata miki waya." Ya miƙo mata da sauri. "Ya yi kyau. Aikinki ai kullum mai kyau ne. Wayar taki ce haskenta ya yi yawa."

Kafin ta ce wani abu sai ga Mai Takalmi ya leƙo, maƙwabcin Baba kuma abokin tsokanarsa tun ba a haife ta ba. Ya gaisa da ita, ya tambayi mutanen ofis, sannan ya juya wajen Baba.

"Tsoho, katina ya ƙare ina tsakiyar magana. Saka mini a wayarka."

"Kai kullum katinka a tsakiyar magana yake ƙarewa, don maganarka ba ta da ƙarshe."

Baba ya zaro tasa wayar daga aljihu. Ƙamus tana bayansa, tana ganin allon ta saman kafaɗarsa. Nan fa yatsan da ya yi ta kai-kawo ɗazu ya zama wani daban. Ya danna nan, ya danna can, ko tsayawa ba ya yi, kamar mai bin hanyar gidansa. Da ya iso shafin ƙarshe bai kawo wayar kusa da ido ba. Leɓensa kawai ta ga ya motsa: "Ɗaya, biyu." Ya danna "Na yarda". Wayar Mai Takalmi ta yi ƙara a aljihu.

"Ka ga wannan na ƙarshen?" in ji Baba, yana nuna wa abokinsa allon. "Uwata ce ta rubuta shi. Na yarda. Ka ji magana ta mutunci. Ba a ce maka yi kaza ba, kai ne da bakinka kake cewa ka yarda. Duk garin nan wanda ya tura ko sisi sai ya bi ta kan maganar 'yata."

"Sau ɗari ka faɗa mini," in ji Mai Takalmi. "Allah ya yi mata albarka, ya kuma sa kada ta gaji surutunka."

Ƙamus ta buɗe baki za ta ce ba ita ba ce, wani dogon mutum ne mai shan shayi. Sai idonta ya sauka a kan tef ɗin da ke wuyan Baba. An bi shi da ƙananan ƙulli na zare, kowane inci biyar ƙulli ɗaya, kowane goma ƙulli biyu, yadda yatsa zai ji ba sai ido ya gani ba. Ta dubi kantar zare. Da can a hargitse take, shi kaɗai ya san kanta. Yanzu a jere take tsaf, baƙi a ƙarshen hagu, fari a ƙarshen dama, an yi wa katakon tsaga da wuƙa a ƙarƙashin kowane launi. Ta dubi rigarta a rataye, an gama komai da keke, saura abin da sai an zura zare a ƙaramar allurar hannu.

Sai a lokacin ta gane. Baba ba karanta madannin yake yi ba. Ya daɗe bai karanta shi ba. Abin da yake gani dishi-dishi ne, ɗaya dunƙule guda, ɗaya gutsure biyu, ƙarami da babba, shi ke nan abin da yake bi. "Tabbatar" da "Dakatar" kuwa a idon da ya dusashe, duk dunƙule ɗaya ne, tsawonsu kusan ɗaya. Jibi da safe mutumin da ya koya mata karatu zai tsaya da waya a hannu, ya rasa inda zai danna, sai ya leƙa ya kira Mai Takalmi ya karanta masa. Ta san babanta. Zai gwammace ya rufe shago ya koma layin banki ya ce wayar ce ta lalace.

Kunya ta kama ta, da tausayi, da haushin kanta. Kullum tana zuwa shagon nan, ita da ke iya hango kalma ɗaya da ta kauce a cikin dubu tara, amma ba ta ga wannan ba.

"Kin yi shiru, Uwata."

"Lokaci nake dubawa, Baba. Zan dawo in an tashi."

A cikin bas ta yi ta lissafin abin da za ta ce. Ba za ta kai sirrin babanta ofis ba, shi da ya ɓoye wa 'yarsa ma. Ba kuma za ta iya cewa a bar kalma saboda mutum ɗaya ba. Amma da ta ɗaga kai ta dubi mutanen da ke cikin motar sai ta ga ba mutum ɗaya ba ne. Ga wata dattijuwa ta miƙar da waya nesa tana ƙanƙance ido. Ga wani allon wayarsa ya tsattsage kamar an taka. Ga direba da kansa yana leƙen tasa a cikin hasken rana, hannu ɗaya a sitiyari. A takardarta mai shafi huɗu babu ko ɗaya daga cikinsu. Duk wanda ta yi tunani a kansa mai ido irin nata ne, a zaune a ɗaki mai sanyi.

Uku da minti ashirin ta ƙwanƙwasa ƙofar Manaja. Ta ce wa Dogo ya biyo ta, don in za ta sha kunya gara ta sha ta gaba ɗaya.

"Ranka ya daɗe, ina so a bar madannin ƙarshe yadda yake."

Manaja ya ajiye biro a hankali. Mutum ne mai haƙuri, amma haƙurin nan ita ta cinye rabinsa a bana.

"Malama, wata goma sha ɗaya. Kin tare ni a ofis, kin tare ni a matakala, kin tare ni a wurin ajiye mota. Na sa hannu don in huta. Yanzu saura minti arba'in ki ce mini me?"

"Na yi kuskure ne."

Dogo ya dafa bango. "Ranka ya daɗe, a taimaka a ba ni kujera. A kuma rubuta kwanan watan yau."

Ba ta kula shi ba. Ta ɗora wayoyi biyu a kan tebur, tata mai sabuwar kalma da ta Dogo mai tsohuwa, duk biyun na gwaji.

"Alfarma ɗaya nake roƙo. Ka cire tabaranka."

"In cire me?"

"Tabarau, ranka ya daɗe. Minti ɗaya."

Ya dube ta, sannan ya cire. Duk ofis an san in babu gilashin nan ko fuskar matarsa sai ta yi magana yake ganewa. Ta tura masa wayar Dogo ta ce ya tura kuɗin. Ya ɗan runtse ido ya danna daidai. Ta maimaita sau uku, madannan suna musayar wuri, sau uku yana samu. Sannan ta tura masa tata. Ya sunkuya. Ya ɗago. Ya sake sunkuyawa har hancinsa ya kusa taɓa allon, ya danna.

"Ka fasa, ranka ya daɗe," in ji Dogo. "Iyali ba su samu kuɗin cefane ba."

Manaja ya sake gwadawa ya samu, ya sake ya faɗi. Ya mayar da tabaransa yana kallon wayoyin.

"To jan fa?" in ji shi. "Ke kika ce mana abu ɗaya, kalma ɗaya. In na bar wannan, gobe kowa ya kawo mini tasa."

"Dokar tana nan, ba ta motsa ba. Ni ce na ƙirga abu biyu a matsayin ɗaya. A sauran wuraren mutum duba lamba yake yi ko suna. A nan kuwa rabuwa yake da kuɗinsa, kuma shekara shida mutane sun san wurin da fuska ɗaya. In mun sauya masa fuska, mu ne muka karya dokar, ba Dogo ba. A buɗe masa gida nasa a kundi, a ce madannin ƙarshe sunansa ke nan, yau da gobe da baɗi. Na'ura ba za ta sake sa masa ja ba."

"Sauran harsunan fa?"

"Zan rubuta wa masu riƙe da kundinsu yanzu, kowa ya cire tabarau ya duba nasa."

Manaja ya dubi agogo, ya ja dogon numfashi. "Je ki rubuta. Amma in kika sake tare ni a matakala a kan wannan, sai na sa an ɗauke matakalar."

Da suka fito Dogo ya biyo ta har teburinta yana ta murmushi. Ta zaci zai yi ta ne har a tashi, sai ya ja kujera ya rage murya.

"In gaya miki gaskiya? Ranar da na rubuta shi ban yi tunanin kowa ba. Yunwa nake ji, kundin yana wajen wani, na rubuta abin da ya zo bakina na tafi cin abinci."

"Kada ka ƙara faɗa wa kowa wannan."

"Wa ya buɗe miki ido?"

"Wani tela," ta ce, ta ci gaba da bugawa.

Ta buɗe sabon layi a kundin. A gidan kalma ta rubuta "Na yarda". A gidan dalili ta rubuta: kalma biyu ce, ana gane ta ko ido bai karanta ba, kada a sauya, kada a haɗe. A gidan ƙarshe, inda ake sa sunan wanda ya shigar da kalma kuma zai amsa tambaya a kanta, ta sa nata. Ta sa na'ura ta sake bin aikin. Huɗu saura minti shida allon ya fito fes, babu ja ko ɗaya. Ba ta hanyar da ta shirya ba ne, amma da ta duba zuciyarta sai ta tarar daɗin bai ragu ba.

Kafin rana ta faɗi ta koma shagon. Baba da Mai Takalmi suna zaune a benci a bakin ƙofa, ana musu a kan wanda ya fi tsufa.

"Baba, wancan na gwajin da na nuna maka an fasa shi. Yadda ka san wayarka haka za ta zauna."

Ta dai ga kafaɗunsa sun sauka.

"Da ma na ga bai kai na da ba," ya ce. "Ban so in faɗa ba ne, kada ranki ya ɓaci. Na da ɗin ai ba a taɓa shi." Ya zunguri abokinsa. "Wai kai da kake cewa ina cika baki, tambaye ta da kanka. Uwata, wa ya sa kalmar nan a wurin?"

"Ni ce, Baba," ta ce. "Sunana ne a kai."

Mai Takalmi ya ɗaga hannu biyu ya ce ya sallama, ya tashi ya tafi haɗa kayansa. Ƙamus ta zauna a wurin da ya bari. Ta shiga wasa da igiyar jakarta.

"Baba, kallon kwamfutar nan ya fara damun idona. Na karɓi lamba a asibitin ido, ranar Alhamis da safe za a duba ni. Ba na son zuwa ni kaɗai. Ko za ka raka ni?"

Baba ya juyo ya dube ta. Ya daɗe yana dubanta, ita kuma ta ƙi ɗagowa. Hannunsa ya kai kan tef ɗin da ke wuyansa, yatsansa ya tsaya a kan wani ƙulli.

"Idon naki," ya ce.

"E, Baba."

"To. Tunda idonki ne, ai dole in rufe shago."

Ya miƙe ya shiga ciki. Ta ji yana lalube a cikin gwangwanin da yake ajiye ƙananan kaya. Ya fito da rigarta a kafaɗa, ya zauna, ya shimfiɗa wuyan a kan gwiwarsa. Sannan ya miƙo mata ƙaramar allura da bakin zare.

"Zura mini, Uwata," ya ce. "In gama miki rigar nan kafin haske ya tafi."